Ɗiyar da Munka Hana Tulu

Tela munka fara zargi. Na dawo daga Abijan azumi ya kusa ƙarewa, na zo da turmin atamfa guda, anka yanka wa ɗiyana mata biyu riga da zane. Ranar salla babbar ta sa tata, sai ga bakin rigar ya haye ta dama, ya zubo ta hagu. Uwarta ta ja ta daidaita, ya koma. Ta sake ja, ya sake komawa. Da kasuwar Tamaske ta ci na ɗauki rigar na kai wa telan, na ce masa in ɗinki ya fi ƙarfinsa ya koma gona, ga damina nan tafe. Bai yi fushi ba. Ya shimfiɗa ta bisa kekensa, ya ninka biyu, baki ya hau kan baki ba ko ɗan saura.

Ya ce, "Maigida, rigata lahiya lau take. Tahi ka duba mai rigar."

Duba mai rigar kuwa ba ƙaramin abu ba ne gare ni. Ita ce ta fari. A wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya tsura masa ido. Tun tana cikin zanen goyo ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. In zan aike ta sai in ce "ke", ta kuwa san da ita nake. Ga shi rabin kowace shekara ba na gari. Don haka da na dawo kasuwa sai na samu gindin bango na zauna kamar mai gyaran ƙotar kalmen noma. Ta ba ni baya tana daka, na dube ta da kyau. Tana cikin shekara ta sha huɗu, ta yi tsawo farat ɗaya kamar karan dawa a fadama. Kafaɗar dama ta ɗara ta hagu. Allon kafaɗar ya turo riga. Ƙugun ya shige ciki ta gefe guda, in ta ɗaga taɓarya sai duk jikin ya tafi wancan gefen kafin ya dawo.

Na tambayi uwarta ko ta gani. Ta ce ta gani tun da sanyi. Na ce me ya hana ta aiko mini.

Ta ce, "In aiko in ce mi? Ba ta hwaɗi ba, ba ta kwanta ba, ba ta ce ciwo ba."

Daminar da ta wuce ba a samu komi ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, duk namiji mai ƙafa ya bar gari. Ana cikin haka anka buɗe shantiye, wato aikin gyaran ƙasa, a tuddan bayan garinmu, ta wajen Keita. Ana haƙo duwatsu ana jera su bisa fako don su tare ruwa in ya sauko. Ba kuɗi ake biya ba, abinci ne: dawa, mai a gwangwani, wani lokaci kifin gwangwani. Tun da maza ba su nan, mata ne sunka yi aikin, a kai sunka kwashe duwatsun nan. Matata ta shiga, babbar tana binta tana taya ta. Abin da nake aikowa daga Abijan ba kullum yake isowa ba. Da dutsen nan gidana ya ci abinci shekarar nan, har da uwata, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwar babana. Tsohuwa muke ce mata a bayan idonta.

Ita ta yanke hukunci, a tsakar gida, tana ɓare gyaɗar iri.

"Dutse ne. Ɗiya ƙashinta bai ƙosa ba an ɗora mata abin da jaki ka gudu. An sai da bayan ɗiya don gwangwanin mai."

Ba ta kalli kowa ba, amma kowa ya san da wa take. Matata tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Na so in ce wa tsohuwa da man nan ta sha miya, amma uwa ce, na haɗiye.

Kafin sati gari ya ɗauka. Wasu sunka janye ɗiyansu daga shantiye, yunwa ta mai da su bayan ƴan kwanaki. Ba wanda ya tsaya ya ce, ƴan mata nawa sunka ɗauki dutsen nan, don me tamu kaɗai ta karkace. Mutum ɗaya ya kusa faɗa, wani taubashina, shi ma da wasa. Ya ce, "Kai da ka yi ga-ruwa Sakkwato har gashin kahwaɗarka ya ƙare, ka koma dako Abijan, ina naka doron? Ko ka bar shi can ajiya?" Munka yi dariya, maganar ta bi iska.

Na kai yarinyar wurin wani maɗori a wani ƙauye ta hanyar Buza. Ya sa matarsa ta shafa bayan tun daga wuya har ƙugu, tana faɗa masa abin da ta ji. Ya ce, "Ni abin da ya karye nika ɗorawa. Wagga ba ta karye ba." Bai karɓi ko goro ba. Wanzami kuwa bai yi wannan kunyar ba. Tsohuwa ta kira shi ina gona, ya yi wa yarinyar tsaga a jere gefen ƙashin baya, ya kafa ƙaho, ya ce mugun jini ne ya taru. Tabon yana nan har yau, bayan kuma bai san an yi ba.

Da anka gama noman farko na sa ta a kamyon albasa, babbar motar kaya, munka tafi Madawa, daga nan munka wuce babban asibitin da ke bakin titi. Likitan Bature ne, ya tsufa a ƙasar, yana jin Hausa irin tasa. Ya sa anka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, ya ɗaga hoton ga hasken taga ya nuna mini. Ni ban yi lakwal, makarantar boko, ba sai shekara biyu, amma wannan ba ya son karatu. Ƙashin da ya kamata ya sauko tsaye ya tafi dama ya dawo hagu, kamar sawun maciji bisa yashi.

Na ce masa dutse ta ɗauka.

Ya ce, "Ba dutse ba ne. Kaya yana sa ciwon baya, amma ba ya yin wannan. Ƙashin ne da kansa yake murɗewa lokacin da yaro ke tsawo da sauri. Ya fi tsananta ga ƴan mata. Ba mu san dalilinsa duka ba, amma sau da yawa yana bin jini. Akwai mai irinsa a danginka, ko na uwarta?"

Na ce babu. Iyakar sanina ke nan.

Ya tambaya ko tana da ƙanne. Na ce akwai namiji, akwai kuma ƙaramar mace mai shekara tara. Ya ce macen zan sa wa ido. Ya tashi tsaye ya sunkuya kamar mai ruku'u, hannuwa a sake, ya ce in riƙa sa ta ta yi haka, in tsaya bayanta in duba. In gefe ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tashi, to ya fara. Ya ce in an gani da wuri akwai wata riga mai tauri da ake yi a Yamai, wani lokaci tana tsai da shi. Na ce to wannan fa. Ya ce tata ta wuce rigar, aikin da ake yi wa irinta kuma ba a ƙasar nan ake yinsa ba. Ya ba ta ƙwayoyi don ranar da ya yi mata ciwo.

Munka kamo hanyar gida. Ta zauna bisa buhu tana kallon baya, ni ina kallon gaba. Ba ita nake tunani ba, Allah ya sani, tata ta riga ta faru. Ƙaramar nake tunani. Tun daga ranar nan abin da ke raina ke nan, bayan ƙaramar ya tsira.

Na faɗa musu abin da likita ya ce, ban rage ba. Da na zo kan maganar jini tsohuwa ta tsuke baki.

"Jinin wa? Bature ya taɓa ɗaukar tulu? Shi da aka kai ma ruwa har ɗaki."

Daga nan ta kafa doka. Ƙaramar ba ta ƙara ɗaukar komi a kai. Ba tulu, ba itace, ba ƙwaryar fura, ba goyon ɗan kowa. Na yarda. Na ga ba abin da za a rasa, in kuma na ƙi wani abu ya faru, da wane baki zan yi magana. Matata ta riga ni yarda. Ita ta riga ta ɗauka ita ta yi. Maganar likita ba ta shige ta ba, ta tsohuwa ce ta zauna mata.

Ashe akwai abin da za a rasa. Ni namiji ne, ban taɓa lura ba cewa duk rayuwar ɗiya mace a garinmu bisa kai take. A rijiya suke haɗuwa. A hanyar itace suke waƙa, su yi faɗa, su shirya. A kai ake kai fura gona, a kai ake talla. Wadda ba ta ɗauka ba ta da inda za ta je, ba ta da kuma wanda za ta je da shi. Da safe tsararrakinta su wuce ƙofar gidanmu a jere da tulunansu, ita tana zaune kusa da tsohuwa tana tsince wake. Sunka sa mata suna ƙwan gidanmu. Wata ta leƙo ta ce, "A gai da ƙwai, kar dai a hwashe." Sau ɗaya ta sulale ta bi su, ta karɓi bokitin wata ƙawarta. Tsohuwa ta bi ta har bakin rijiya da sandarta, ta sauke bokitin da hannunta gaban kowa, ta koro ta gida. Daga ranar nan ko ƙawar ba ta sake zuwa ba.

Ruwan gida kuwa dole a ɗebo shi. Rijiyarmu tana ƙasan tudu, da rani sai an bi layi. Uwarsu da babbar ne ke yi. Wato mai karkataccen baya ita ke ɗauko ruwan da mai miƙaƙƙe za ta sha. Na ce wa uwarsu babbar ita ma ta bar ɗauka. Yarinyar ba ta amsa mini ba, ba ta saba ba, sai ta ba uwarta amsar ina tsaye.

"Inna, ce mashi abin da ya karkace ya riga ya karkace. In na zamna wa za ya ɗebo?"

Ba ta riƙe ƙanwarta a zuci ba, ko in ta riƙe ban gani ba. Sai dai tsiya. Ta sauke tulu tana haki ta ce, "Ranki ya daɗe, a kai ruwan wanka yanzu ko sai kin gama hutawa?"

Ƙaramar ta ce, "Yaya, bari in riƙa maki ko guga ce."

"Riƙe bayanki dai. Shi aka kiwo gidan ga, ba awaki ba."

Su yi dariya su biyu, tsohuwa ta ce ba ta son shashanci.

Bayan babbar kuwa bai tsaya ba. Kowace shekara in na dawo sai in tarar ya ƙaru. Haƙarƙarin dama ya taso ta baya ya zama ƙusumbi sosai, ta rage tsawo, in ta hau tudu da tulu sai ta tsaya tsakiya ta nemi numfashi. Akwai wani yaro da ya fara tsayawa ƙofar gida kafin abin ya fito fili. Ya daina. Ban ga laifinsa sosai ba, uwarsa ce ta hana. Matata kuma ta zama wata iri. Mace ce mai baki a da, in tana gida maƙwabta sun sani. Ta koma ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki sai dole, don ko ba a faɗa ba tana ji a jikinta ana cewa ga wadda ta sai da bayan ɗiyarta.

Ni kuma ina yin abin da likita ya ce. Kafin in tafi bida Abijan da kaka, da kuma in na dawo, sai in sa uwarta ta kira ƙaramar ta sunkuya, in tsaya baya in duba. Shekarar farko bayan yana nan shimfiɗe kamar faifai. Ta biyu ma haka. Tsohuwa ta ce, "To, kun gani. Wa ya yi gaskiya, ni ko Baturenku?" Na ce ita. Da zuciya ɗaya na faɗa, don na fi kowa son ta yi gaskiya.

Shekara ta uku na dawo ana tsakiyar zafi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Na tarar ƙaramar ta miƙe, ta kusa kai uwarta. Na kuma tarar tana yawo da wani babban mayafi na tsohuwa, cikin zafin da ko kare ba ya fita. Washegari da hantsi na ce a kira ta ta sunkuya.

Tsohuwa ta ce, "Ba yau ba. Ka dawo da gajiya."

Na ce ba gajiya a ido.

"Ɗiya ta girma. Uba ba ya tsayawa bayan budurwa yana kallo, ba tarbiyya ba ce."

Na ce, "Inna, da rigarta za ta sunkuya, uwarta na tsaye."

Tsohuwa ta kau da kai. Yarinyar ta ajiye mayafin, ta haɗa ƙafa, ta sunkuya. Gefen dama ya taso. Ba da yawa ba, kamar an kife ludayi ƙarƙashin riga. Na matsa gefe na sake dubawa, ko hasken ne. Na ce ta miƙe ta sake. Yana nan.

Uwarta ta ɗora tafin hannu a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta juyo da yarinyar ta riƙe ta a kafaɗu.

"Mi kinka ɗauka? Gaya mani gaskiya, ba ni bugunki."

"Wallahi inna ko tsinke."

"Kin bi su rijiya a ɓoye."

"Ban bi ba. Tambayi kaka."

Ta fara kuka. Babbar tana bakin madafa da muciya a hannu, ba ta motsa ba.

Tsohuwa ta ce, "Ƙyale ta. Ba ta ɗauki komi ba. Ni ka tsaronta, ko bayan gida ta tahi ina sane." Ta ce yaran su ba mu wuri. Da sunka fita ta zauna bisa turmi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, don ita ke hana mutane. Ta ce tun da sanyi ta gani, ranar da take cuɗa mata baya. Shi ya sa mayafin.

Sannan ta ba mu labarin da ban taɓa ji ba, ni da na haura arba'in. Ita mutuniyar wani ƙauye ce can bayan Bangi. Na san wannan. Na san kuma gidansu ba su daɗe da kama salla ba, tana ƙarama ana yanka a gindin dutse. Abin da ban sani ba, tana da ya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta kai kamar shekarun ɗiyana bayanta ya murɗe. Kafin ita akwai ƙanwar babansu, ita ma haka. A can cewa suke iskan gidan ne ke zaɓen ɗiya guda ya zauna mata a kafaɗa. Anka yanka baƙar akuya, anka sake yankawa, bai sauka ba. Yar tata ba ta yi aure ba. Ranar da dangin babana sunka zo neman auren tsohuwa, anka kai yar tata bukkar gona ta yini can har baƙi sunka tafi. Ta rasu ba ta tsufa ba, numfashi ya gagare ta.

Ta ce, "Babanka har ya koma ga Allah bai san ina da ya ba."

Na ce, "Inna, likita ya tambaye ni na ce babu. Na dawo na gaya maki. Kina ji."

"Ina ji."

"To don mi?"

"In anka ji a jini yake, wa za ya nemi ɗiyar gidan ga? Wa za ya nemi ɗiyan ƙanwarka, su huɗu? Dutse ba ya da ɗiya mata da za ya aurar." Ta share bakinta da gefen zane. "Kuma na so ya zan dutsen. Kullum na kai goshi ƙasa roƙon da nika yi ke nan, Allah ya sa dutsen ne."

Na yi niyyar in yi faɗa, na duba na ga ba wanda zan yi da shi. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa bisa turmi, wadda ta yi shekara hamsin tana ɓoyon ƴar'uwarta. Amma dutsen da ta ɗora wa laifi ba a ƙasa ya faɗi ba, a kan matata ya faɗi, ta yi shekara uku tana ɗauke da shi. Na juya in ga me za ta ce. Ta dubi tsohuwa, dubawa mai tsawo, irin wadda suruka ba ta yi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da azahar ta fito ta dama fura ta kai wa tsohuwa tata ƙwaryar kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye.

Da safe ina zaune ina wasa kalme na ga matata ta fito da wani tsohon tsumma tana naɗe shi a hannu. Ta yi gammo, ta kira ƙaramar, ta ɗora mata a kai, ta ɗauko ƙaramin tulun da ake koya wa yara ƴan shekara shida.

Ta ce, "Bi yarki."

Yarinyar ta dubi kakarta. Tsohuwa tana jan tasbaha, ba ta ɗago ba. Ta dube ni. Na ce ta tafi.

Sun daɗe. Da sunka dawo babbar ce gaba da babban tulu, tana tafiyarta ta gefe, ko ɗigo bai zuba ba. Ƙaramar na baya, ta riƙe nata da hannu biyu, wuya ya sandare, ruwa ya jiƙa ta tun daga kai har zane, gammon ya zame yana rataye a kunne. Ƴan mata uku sun rako ta har ƙofa suna mata tsiya. Da ta sauke anka leƙa, abin da ya rage bai kai a yi alwala ba.

Babbar ta ce, "Inna, ƙwanki ya hwashe a hanya. Rijiya ta kai ma ruwa ko gida?"

Ƙaramar ta ce, "Gobe ba ni zubarwa."

"Gobe dai a ba ki ludayi."

Tana dariya, haƙora duka waje, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Na daɗe ban ga haka ba. Uwarsu ta juye ɗan ruwan a randa, ta matse gammon ta shanya bisa danga.

Maganar jini ni na fitar da ita. Tsohuwa ba ta iya ba, ban kuma tilasta mata ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, a inda dattawa ke zama, na ce abin da ya samu ɗiyana ba dutse ba ne, ba kuma uwarsu ba ce, ta wajena ya zo, gadonmu ne. Ƙanwata ta yi fushi da ni har ta daina shigowa gidan, sai rasuwar tsohuwa ta dawo da ita. Abin da tsohuwa ta ji tsoro bai zo duka ba, bai kuma fasa zuwa duka ba. Ɗiyan ƙanwata sun yi aure, amma an fasa da guda sau ɗaya saboda maganar. Cikinsu ɗaya tana da ɗan karkacen da sai an faɗa maka za ka gani. Ɗana namiji ba abin da ya same shi. Yadda abin ke zaɓe, ban sani ba, likitan ma ya ce bai sani ba.

Shekarar nan bayan an yi girbi ban tafi Abijan ba, na kai ƙaramar Yamai. Anka auna ta anka yi mata rigar, ta fata da ƙarfe, korse suke ce mata, tun daga hammata har ƙugu. Da sanyi ta sa ta. Da zafi ya shigo ta ci mata fata, ƙuraje sunka fito, sai ta riƙa cirewa da rana. Mun yi ta faɗa a kan haka har na gaji na bari. Ta yi shekara biyu tana sawa tana cirewa, tana kuma zuwa rijiyarta. Da tsawonta ya tsaya, karkacen ya tsaya. Ko rigar ce, ko dama can iyakarsa ke nan, ban da mai gaya mini. Ya fi yadda na gan shi da farko, amma bai kai rabin na yarta ba. In ta yafa gyale ba ka ganewa. Tana Madawa yanzu da mijinta, na gaya wa danginsa komi tun ranar da sunka kawo goro.

Babbar tana nan gida tare da mu. Ta daina hawan tudu da tulu, numfashin ba ya kai ta. Tabarma take saƙawa da faifai, hannunta yana da kyau, har daga Tamaske ake aiko mata. Da damina in sanyi ya kama ƙirjinta sai mu kwana biyu ba mu da natsuwa, sannan ta tashi. Har yanzu ban kira sunanta ba. Amma na kan ɗauko tabarmata in zauna kusa da inda take saƙa, in miƙa mata kaba in ta ƙare, ita kuma ta karɓa ba ta dube ni ba.